Konsol na siriyal

Konsol na siriyal wata hanyar sadarwa ce da ƙaramar kwamfutar da ke cikin na'ura take amfani da ita wajen aika saƙonnin rubutu zuwa wata kwamfuta ta cikin waya, tare da karɓar umarni daga gare ta. An fi samun sa a allunan gwaji irin su Raspberry Pi, BeagleBone, Arduino da ESP32, da kuma na'urorin rarraba intanet, dikodar talabijin, inbatar sola da kyamarorin tsaro, wato na'urorin da galibi ba su da allon kallo ko madannai na kansu. Kalmar siriyal tana nufin cewa bayanan suna tafiya ne a jere, bit ɗaya bayan ɗaya, a kan waya guda.

Konsol ɗin yana fara aiki tun kafin intanet, USB ko allon kallo su tashi, shi ya sa idan na'ura ta ƙi kunnuwa, sau da yawa ta nan kaɗai ake iya jin abin da ke damun ta. Sai dai saƙon da ya fito ta wannan hanya ba ya jiran kowa. Idan babu kwamfutar da ke saurare a lokacin da ya fito, ya tafi ke nan. Wannan ne ya sa injiniyoyi suke ɗaukar saƙonnin su ajiye a fayil, kuma suke sanya wa kowane layi hatimin lokaci, domin a san abin da ya faru, da lokacin da ya faru, da tsawon lokacin da kowane mataki ya ci.

Tarihi

Asalin wannan fasaha yana komawa ga wayar tangaraho. A shekarun 1870 wani injiniya ɗan ƙasar Faransa mai suna Émile Baudot ya ƙirƙiro tsarin da ke wakiltar kowane harafi da alamomi biyar na wuta, kuma daga sunansa aka samo ma'aunin saurin layi da ake kira bod. Daga baya injinan buga saƙo daga nesa suka gaji tangaraho. Mafi shahara a cikinsu a duniyar kwamfuta shi ne Teletype Model 33 wanda ya fito a 1963, yana aiki a kan bod 110, wato haruffa 10 a sakan ɗaya. Daga sunan waɗannan injinan ne Unix, daga baya kuma Linux, suka ɗauko kalmar tty da har yau ake kiran tashoshin siriyal da ita.

A shekarar 1960 ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka, EIA, ta fitar da ƙa'idar RS-232 wadda ta tsara yadda za a haɗa kwamfuta da modem. An sabunta ta a 1969 da sunan RS-232-C, kuma wannan bugun ne ya fi yaɗuwa. Da'irar da ke mayar da harafi ya zama jerin bit, ta kuma sake haɗa shi a ɗaya ɓangaren, ita ake kira UART. Gordon Bell na kamfanin DEC ne ya tsara ta farko domin kwamfutocin PDP, a kan allon lantarki guda cikakke, sannan a 1971 kamfanin Western Digital ya dunƙule ta a guntu ɗaya mai lamba WD1402A. Kwamfutar IBM PC ta 1981 ta yi amfani da guntun 8250 na National Semiconductor, kuma magajinsa 16550 ya zo da ma'ajiyar wucin gadi mai ɗaukar bayit 16. Mahaɗi mai ƙafafu tara da aka saba gani a bayan tsofaffin kwamfutocin ofis ya shigo ne da IBM PC/AT a 1984.

Bayan bayyanar USB a 1996, tashar RS-232 ta riƙa ɓacewa daga kwamfutocin gida da na tafi-da-gidanka. A cikin ƙananan na'urori kuwa ba ta je ko'ina ba, domin UART da'ira ce mai arha da ake iya tayar da ita da 'yan layukan manhaja kaɗan.

Yadda yake aiki

A mafi sauƙin tsari wayoyi uku ne: TX mai aikawa, RX mai karɓa, da GND wadda ita ce wayar ƙasa da ɓangarorin biyu suke tarayya a kai. TX na allo yana zuwa RX na kwamfuta, RX na allo kuma yana zuwa TX na kwamfuta. Juya waɗannan biyun shi ne kuskuren da sabbin shiga suka fi yi, kuma alamarsa shiru ce kawai.

Babu wayar agogo tsakanin ɓangarorin, don haka dole ne su yarda tun farko da saurin da za su yi magana. Idan layi yana hutawa, wutar da ke kansa tana sama. Mai aikawa sai ya sauke ta na tsawon bit ɗaya a matsayin alamar farawa, ya aika bit takwas na harafin, sannan ya rufe da bit ɗaya na tsayawa. Wannan tsari ake rubutawa 8N1, kuma yana nufin kowane harafi yana cin bit 10. Saboda haka a kan bod 9600 ana aika haruffa 960 a sakan, a kan 115200 kuma haruffa 11,520, wato kimanin maikurosakan 87 ga kowane harafi. Lambar 115200 ba daga sama ta faɗo ba. Tsoffin guntayen IBM PC suna aiki da kiristal mai bugun megahaz 1.8432, idan aka raba shi gida 16 sai a samu 115200.

Mai karɓa yana auna kowane bit ne a tsakiyarsa, yana ƙidaya daga alamar farawa. Idan bambancin agogon ɓangarorin biyu ya kai kusan kashi 5 cikin 100, kafin a kai ƙarshen harafi awon ya zame zuwa bit na kusa, sai shirme ya fito a maimakon rubutu. Guntun ATmega328P na Arduino Uno, mai agogon megahaz 16, ba ya iya samar da 115200 cif-cif, yana kaucewa da kimanin kashi 2 cikin 100, abin da yawanci ba ya hana aiki amma yana rage sararin kuskure.

Ba kowane allo ne ke magana a kan 115200 ba. Na'urorin Cisco suna amfani da 9600. Alluna da dama masu guntun Rockchip, irin su RK3399, suna amfani da 1,500,000, saurin da wasu arahan kebul ba sa iya ɗauka. Guntun ESP8266 kuma yana fitar da saƙonsa na farko a kan 74880 a yawancin alluna, domin an yi lissafin manhajar cikinsa da kiristal mai megahaz 40 alhali an saka masa mai 26. Wanda ya buɗe tashar a kan 115200 zai ga tarkacen alamomi na ɗan lokaci kafin rubutu mai ma'ana ya fara, kuma a cikin wannan tarkacen ne dalilin sake kunnuwar allon yake ɓoye.

Haɗa allo da kwamfuta

Abin da ya fi jawo asara shi ne ƙarfin wuta. RS-232 na asali yana wakiltar 1 da wuta tsakanin bolt −3 da −15, 0 kuma tsakanin +3 da +15. Allunan gwaji kuwa suna aiki ne da bolt 3.3 ko 5, wasu guntayen wayar hannu ma 1.8. Haɗa tashar RS-232 kai tsaye da ƙafar allo yana iya ƙona guntun nan take, sai an saka guntu mai daidaita wuta irin MAX232 a tsakani. Haka nan ƙafafun Raspberry Pi na bolt 3.3 ne, ba sa jure 5. A kan wannan allon, TX tana ƙafa ta 8, RX tana ta 10, GND kuma ana iya ɗaukar ta a ta 6. Raspberry Pi 5 da ya fito a 2023 ya zo da mahaɗi na musamman mai ƙafa uku domin konsol, BeagleBone Black kuma yana da jerin ƙafafu shida mai suna J1.

A yau ana haɗawa ne da ƙaramin kebul ko ɗan allo mai mayar da siriyal ya zama USB. Guntayen da suka fi yawa a kasuwa su ne FT232R na kamfanin FTDI da ke Glasgow, PL2303 na Prolific da ke Taiwan, CP2102 na Silicon Labs, da CH340 na kamfanin WCH da ke ƙasar Sin. Jabun waɗannan guntaye sun yawaita sosai. A watan Oktoba na 2014 FTDI ta fitar da direban Windows wanda idan ya gano jabun guntu sai ya mayar da lambar shaidarsa sifili, kwamfuta ta daina gane shi. Bayan ƙorafin jama'a aka janye wannan direban.

A Windows tashar tana bayyana da suna irin COM3, a Linux kuma /dev/ttyUSB0 ko /dev/ttyACM0. Waɗannan lambobi suna iya canzawa idan an zare kebul an mayar, shi ya sa masu aiki da alluna da yawa suke amfani da sunayen da ke cikin /dev/serial/by-id, waɗanda suke bin lambar kebul ɗin kansa. A Debian da Ubuntu sai mutum yana cikin rukunin dialout kafin a ba shi damar buɗe tashar.

Ɗaukar saƙonni

Manhajojin da ake buɗe tashar da su suna da yawa: PuTTY na Simon Tatham, Tera Term wanda aka fara rubutawa a Japan, minicom, picocom, GNU screen da tio. Dukkansu suna iya ajiye abin da ya shigo a fayil. Sharaɗin farko shi ne a buɗe tashar a fara ɗauka kafin a ba allon wuta, domin layukan farko, waɗanda manhajar da aka ƙone a cikin guntu take fitarwa, suna wucewa ne cikin ƙiftawar ido. Wannan yana yiwuwa ne idan kebul ɗin yana shan wutarsa daga kwamfuta. A allon da guntun USB yake jikinsa kuma yake shan wuta tare da shi, tashar ba ta bayyana sai bayan allon ya riga ya fara magana, kuma ana rasa farkon labarin.

Buɗe tashar kansa yana iya taɓa allon. A Arduino Uno an haɗa siginar DTR da ƙafar sake kunnawa, saboda haka duk lokacin da aka buɗe tashar allon yana farawa daga farko. Wannan yana da amfani wajen loda manhaja, amma ga wanda yake son ganin halin da allon ya shiga bayan kwana uku yana aiki, buɗewar ita ce ke share shaidar. Akwai kuma matsalar da ke zuwa ta wayar RX. Manhajar tayarwa ta U-Boot, wadda ta ɗauki wannan suna a 2002, tana jira na ɗan lokaci ko wani zai danna madanni ya dakatar da ita. Idan wayar RX tana lilo ba a haɗe ba, ko kuma manhajar ModemManager ta Linux ta ɗauka modem ne ta aika masa umarni, U-Boot yana iya ɗaukar wannan a matsayin danna madanni ya tsaya cak. Idan saurare kawai ake buƙata, haɗa TX da GND na allon ya wadatar.

A ɗakunan gwaji masu alluna da yawa ana amfani da ser2net, wanda ke miƙa tashar ta hanyar intanet, ko conserver, wanda ke ajiye kundin kowace tasha dare da rana kuma ya bar mutane da dama su kalli tasha ɗaya. Tsare-tsaren gwaji na kai tsaye irin su LAVA na Linaro da labgrid na Pengutronix, waɗanda aikin KernelCI da makamantansa suke dogaro da irinsu wajen gwada sabon kanel na Linux a kan alluna na gaske, ta konsol na siriyal suke gane ko allo ya tashi ko ya faɗi.

Hatimin lokaci

Akwai wurare biyu da ake iya buga hatimin lokaci: a cikin allon kafin saƙon ya fita, ko a kwamfutar da ke karɓa bayan ya iso. Kowanne yana amsa tambaya daban, kuma yawan ruɗanin da ake samu wajen karanta kundi daga gauraya su yake fitowa.

Hatimin cikin allo shi ne wanda ake gani a farkon layukan kanel na Linux, lamba a cikin baka mai nuna sakan da maikurosakan. Ana kunna shi da zaɓin CONFIG_PRINTK_TIME lokacin haɗa kanel, ko da rubuta printk.time=1 a layin umarninsa. Manhajojin ESP32 da aka gina da ESP-IDF su ma suna sanya adadin milisakan tun daga kunnawa a kowane layi, masu Arduino kuma sukan buga abin da millis() ya dawo da shi. Amfanin wannan hatimi shi ne ana ɗaukar sa a daidai lokacin da abin ya faru, kafin jinkirin waya ya shigo. Rauninsa kuma ba kaɗan ba ne. Agogon kanel yana farawa daga sifili ne lokacin da kanel ya tashi, bai san komai ba game da sakannin da manhajar cikin guntu da U-Boot suka cinye kafin nan. Duk lokacin da allon ya sake kunnuwa ƙidayar tana komawa sifili, don haka ba ya faɗin ƙarfe nawa ne. Yawancin allunan ba su da agogo mai batir, kamar yadda Raspberry Pi bai da shi kafin na biyar, kuma kafin su samu intanet su daidaita da NTP suna iya cewa yau 1 ga Janairu 1970 ce, ranar da Unix ke fara ƙidayarsa. Ƙidayar millis() ta Arduino kuma tana cika ta koma sifili bayan kwana 49 da 'yan awoyi.

Hatimin kwamfutar da ke karɓa yana rufe waɗannan guraben. Agogo ɗaya ne yake auna komai tun daga harafin farko har zuwa lokacin da manhajar ƙarshe ta tashi, ba ya komawa sifili idan allon ya faɗi, kuma ba a buƙatar canza komai a cikin allon. Tera Term da tio suna da zaɓin sanya lokaci a kowane layi, a minicom ana kunna shi da Ctrl-A sannan N, mai duba siriyal na Arduino ma yana da shi. PuTTY kuwa ba ya yi, lokacin fara kundi kawai yake rubutawa a saman fayil. A Linux ana iya tura fitar kowace manhaja ta cikin ɗan umarnin ts na kunshin moreutils, wanda ke iya buga lokacin agogo, ko lokacin da ya wuce tun farawa da -s, ko tazarar da ke tsakanin layi da layi da -i.

Manhajar da aka rubuta musamman domin wannan aiki ita ce grabserial, wadda Tim Bird, injiniya a kamfanin Sony, ya rubuta da Python domin auna lokacin tashin Linux a na'urorin gida. Tana buga lambobi biyu a gaban kowane layi: lokacin da ya wuce tun farawa, da tazara daga layin da ya gabata. Tana kuma karɓar wata jimla da za ta zama mafarin ƙidaya, misali saƙon "Starting kernel" da U-Boot ke fitarwa gab da miƙa mulki ga kanel, ta yadda awon gwaji daban-daban zai fara daga wuri guda. Siffar layukan takan zo kamar haka:

[3.412 0.008] Starting kernel ...
[4.950 1.538] Booting Linux on physical CPU 0x0

A wannan misali lamba ta biyu ce abin dubawa. Tana nuna cewa sakan ɗaya da rabi ya wuce tsakanin layukan biyu, lokacin da kanel yake warware kansa yana shiri, alhali hatimin cikin kanel zai nuna sifili a layi na biyu kamar babu abin da ya faru. Mai neman rage lokacin tashin na'ura yakan bi lambobin tazara ya tsaya a kan manya.

Idan kundin zai ɗauki kwanaki, ko za a kwatanta shi da na wata na'ura, lokacin agogo cikakke ake so, a tsarin ISO 8601 mai shekara, wata, rana, awa da tazarar yanki. Najeriya da Nijar suna gaba da UTC da awa ɗaya duk shekara, ba a canza agogo da sauyin yanayi, abin da ke sauƙaƙa lissafi, amma uwar garke da yawa suna rubuta kundinsu da UTC, kuma wannan awa ɗayan ta isa ta sa a ɗora laifi a kan abin da bai faru ba tukuna. Kwamfutar da ke ɗauka ita ma tana buƙatar NTP: kiristal mai kaucewa da kashi 20 cikin miliyan yana tara kusan sakan 1.7 a rana.

Abubuwan da ke gurɓata awo

Hatimin kwamfuta lokacin isowa yake nunawa, kuma tsakanin aikawa da isowa akwai zango da yawa. Layi mai haruffa 80 yana cin kusan milisakan 7 a kan waya a bod 115200, a 9600 kuma kusan 83. Don haka yana da muhimmanci a san ko manhajar tana buga lokaci ne a harafin farko na layi, kamar grabserial, ko sai layin ya cika, kamar ts. Bambancin yana fitowa fili a layin da ke buga ɗigo-ɗigo yana jiran wani aiki ya ƙare, inda farkon layi da ƙarshensa za su iya nisan sakan da yawa.

Guntun USB ma ba ya miƙa kowane harafi da zarar ya zo. Guntayen FTDI suna tara haruffa har ma'ajiyarsu ta cika ko milisakan 16 su wuce, kuma a Linux ana iya rage wannan zuwa 1 ta fayil ɗin latency_timer. Sakamakon tarawar shi ne a ga layuka uku ko huɗu da hatimi kusan iri ɗaya, sannan tazara, alhali a allon a warwatse suka fito. A taƙaice, hatimin kwamfuta abin dogaro ne wajen awon da ya kai gomman milisakan zuwa sama. Lambobi shida da ake gani bayan ɗigo ba sa nufin awon ya kai wannan daidaito. Wanda yake buƙatar maikurosakan sai ya sa manhajar allon ta ɗaga wata ƙafa ta sauke, ya auna da na'urar nazarin sigina.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan wuyar lura: buga saƙon kansa yana cin lokaci. A al'adance kanel na Linux yana jira kowane harafi ya fita ta UART kafin ya ci gaba. Kundin tashi mai bayit 20,000 yana cin kusan sakan 1.7 a kan 115200, ba don wani aiki ba sai don magana. Shi ya sa ake sanya quiet a layin umarnin kanel idan ana awon ƙarshe. Haka kuma wasu kurakuran da ke faruwa saboda ayyuka biyu suna rige-rigen abu ɗaya sukan ɓace da zarar an ƙara saƙonnin bincike, domin jinkirin bugawa ya canza wanda ke riga wani, sannan su dawo idan an cire saƙonnin.

A Najeriya

Masu gyaran lantarki a arewacin Najeriya sun daɗe da sanin wannan tasha ko da ba su kira ta da wannan suna ba. Dikodar tauraron ɗan adam da yawa suna da tashar RS-232 a bayansu, wadda ta nan ake sake loda manhaja idan dikodar ta maƙale a kunnawa. Inbatar sola da dama suna da RS-232 ko RS-485 domin karanta ƙarfin batir da nauyin da ke kansu, masu kula da hanyoyin sadarwa na bankuna da jami'o'i kuma suna yawo da shuɗin kebul na Cisco domin saita na'ura kafin ta hau intanet.

Yanayin wutar lantarki yana sa hatimin agogo ya fi amfani a nan fiye da wuraren da wuta ba ta yankewa. A ɗauka an saka allon ESP32 yana kula da famfon rijiyar burtsatse a wani gida a Unguwar Romi da ke ƙaramar hukumar Chikun a kudancin birnin Kaduna, kuma allon yana sake kunna kansa jefi-jefi. Hatimin cikin allon ba zai taimaka ba, domin kowane lokaci daga sifili yake farawa. Amma idan aka bar kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir tana ɗaukar saƙonnin da lokacin agogo, za a iya jera lokutan faɗuwar kusa da lokutan da aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, ko famfo ya tashi. ESP32 yana buga "Brownout detector was triggered" idan wutar da ke shigar masa ta yi ƙasa da kima, kuma a layukan farko na kowace kunnuwa yana faɗin dalilinta. Idan saƙon ya zo daidai da tashin famfo, matsalar ta wuta ce, ta caja ko siririyar waya, kuma sake rubuta manhaja ba zai magance ta ba. Idan kuma dalilin da ya bayyana na agogon tsaro ne, wanda ke sake kunna allo idan manhaja ta maƙale, to a cikin manhajar za a nema. Dole kwamfutar da ke ɗauka ta kasance ba a kan layin wutar da ake zargi take dogaro ba, in ba haka ba ita ma za ta mutu a daidai lokacin da ake buƙatar shaidarta.

Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska tana sa wutar gogayya ta taru a jikin mutum, kuma taɓa ƙafafun allo da hannu a wannan yanayi yana iya lalata su. Haɗa wayar GND kafin sauran, da taɓa ƙarfe kafin taɓa allo, suna rage haɗarin.

Haruffan Hausa

Tsarin ASCII na 1963, wanda aka gina konsol a kansa, ba shi da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ. A tsarin UTF-8 kowanne daga cikinsu yana cin bayit biyu, misali ƙ ana aika ta a matsayin C6 da 99. UART ba ta damu da ma'anar bayit ba, tana wuce da su yadda suka zo, amma idan manhajar da ke karɓa ba a saita ta a kan UTF-8 ba, sai baƙin alamomi biyu su fito a gurbin harafi ɗaya. Manhajar ɗauka da ke karanta bayit ɗaya-ɗaya tana iya tsinka harafin gida biyu ta rubuta alamar tambaya. Shi ya sa ya fi aminci a ajiye ɗanyen bayit yadda suka iso a fayil ɗaya, kundin mai hatimi kuma a wani.

Tsaro

Masana'antu da yawa suna barin ramukan UART a kan allon kayan da suka sayar, wani lokaci ba tare da kalmar sirri ba. Wanda ya buɗe murfin na'urar rarraba intanet ko kyamara, ya gano GND da mita, ya nemo ƙafar da wutarta ke rawa lokacin kunnawa, yana iya samun cikakken iko a kan na'urar. Ta wannan ƙofa ce masu aikin OpenWrt suke nazarin sabbin na'urori da farfaɗo da waɗanda manhajarsu ta lalace, kuma ta ita ce masu binciken tsaro suke gano raunin kaya. Kundin da aka ɗauka shi ma yakan ƙunshi abin da bai kamata ya fita ba, kamar sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa, adireshin MAC, lambar na'ura, ko duk abin da aka buga da madannai aka maimaito a allo, don haka akan goge waɗannan kafin a aika wa wani fayil ɗin.